Kogin da Kakana Ya Ce Yana Komawa Baya

A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, idan mutum ya shirga ƙarya ba a ce masa maƙaryaci. Sai a ce, "Kai ma ka je Kalaba ke nan." A kwashe da dariya, a wuce wurin. Kowa yana dariya ban da 'yan gidanmu, domin da kakana ake, mahaifin Baba.

Ban taso na tarar da shi ba. Yana saurayi ya bi fatake kudu da kanwa da fatu, ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, sannan ya dawo da labari cike da baki. Ya ce ya zauna a wani gari na bakin ruwa, Kalaba. Ya ce akwai gidan bene na katako a kan tudu, wanda Turawa suka ɗauko gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa daga ƙasarsu suka harhaɗa. Mutane suka ce to. Ya ce akwai igwa a harabar gidan. Suka ce to. Sai ya ce kogin garin kullum yakan tsaya cak, ya juya, ya koma inda ya fito. A nan aka raba gari da shi. Har ya koma ga Allah ba a ƙara ɗaukar maganarsa da nauyi ba. Ko wata ya ce ya gani, sai an jira wani ya zo ya faɗa.

Da aka kawo mana ruwan dam ɗin Tiga aka haƙa kanal, sai abin ya ƙara lalacewa, don kowa a garin ya zama malamin ruwa. Da ruwa muke kwana, da shi muke tashi. Mun san ranar da mai makulli zai buɗe ƙofar ruwa, mun san ranar da zai rufe. Mun san idan fangalin shuka ya ɗara ɗan'uwansa tudu da yatsa biyu, ruwa ba zai hau ba ko za ka yi masa kuka. To mutanen da suka san wannan, ka zo ka ce musu kogi guda yana komawa baya? Wani malamin firamare ya taɓa cewa akwai abu mai kama da haka a littafi. Aka ce ai littafin ma mutum ne ya rubuta, wataƙila shi ma ya je Kalaba. Direbobin da ke kai albasarmu can kuwa kasuwa suka sani da masauki, babu wanda ya taɓa zama ya zuba wa kogi ido.

Wanda ya fi kowa matsa wa Baba shi ne taubashinsa, ɗan ƙanwar kakan namu, wanda muke kira Baffa. Tsakanin taubasai babu fushi, kuma Baffa ya ci moriyar wannan har ya wuce gona da iri. Da zarar ruwa ya ƙi shiga gonar wani, sai ka ji muryarsa daga can kan kunya: "A kira ɗan Kawu ya roƙe shi, ai ruwa yana jin maganar gidansu." Baba ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Ni kam ban gaji haƙurin Baba ba. Ina yaro na fasa bakin yara a kan maganar nan, na girma har na yi iyali ban daina jin zafinta ba. Haushi nake ji, wallahi.

Can wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ciwon yana ya kama idon Baba. Na hagu ya riga ya rufe, na dama yana bin sahu. A kanal bai damu ba, don shi dama da hannu yake aiki: ya zura hannu a ruwa ya gaya maka ko zai ishe ka ko ba zai isa ba. Amma ya daina gane mutum sai ya yi magana. A ranin shekarar, albasa ta yi albarka, muka haɗa lodi da maƙwabta, aka samu gingimari mai zuwa Kalaba, aka ce ni zan bi kayan. Muna cikin ɗaure buhuna Baba ya dogaro sandarsa ya zo ya tsaya.

"Da ni za a tafi," ya ce.

Na ce, "Baba, tafiyar nan ba ta masu shekarunka ba ce. Mu ma da ƙyar muke kaiwa."

"Ban tambaye ka ba. Idon nan saura kaɗan ya mutu. Kafin ya mutu sai na ga ruwan nan." Ya juya wajen da yake jin dariyar Baffa. "Kai ma ka haɗa kayanka. Idona ba a yarda da shi, jinina ma ba a yarda da shi. Kai da bakinka ya fi na kowa kaifi, kai za ka je ka gani ka dawo ka faɗa."

Baffa ya ce, "Idan muka je muka tarar da kogi yana tafiyarsa kamar kowane kogi fa?"

"Sai ka dawo ka faɗi hakan. Ba zan hana ka ba."

Na so in ƙara magana, amma na san Baba. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ba a taɓa juya shi ba.

Ba zan ɓata lokaci a kan hanya ba. Tsofaffin biyu a gaba kusa da direba, ni a bisa buhuna, warin albasa ya shiga har cikin haƙorana. Ƙafafun Baba suka kumbura. Ƙasa ta yi ta sauya launi har ta koma kore shar, iska ta yi nauyi, riga ta manne a jiki. Muka sauka a unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji mai saukar da 'yan albasa. Shi a can aka haife shi, kakanninsa ne suka zo daga arewa, Hausarsa ma har ta ɗan karkace. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Don wannan kuka taso tun daga Kano? Ai yara ma sun san wannan." Baffa ya ce, "Alhaji, kai ɗan gari ne, dole ka kare garinku."

Da aka sauke kaya aka sallami dillalai, washegari da safe Alhaji ya ce sai ya zaga da mu gari tukuna, baƙo ba ya zuwa Kalaba ya koma bai hau tudu ba. Baba ya so a wuce kogi kai tsaye, Alhaji ya ce ruwan yanzu fita yake yi, sai rana ta take zai dawo. Baffa ya ƙyafta mini ido, wai an fara.

Muka hau tudun, ina riƙe da hannun Baba. Sai ga gidan. Bene ne na katako, dogo, da baranda ta kewaye shi, an mai da shi gidan tarihi. Alhaji ya ce a nan manyan Turawan mulki suka zauna, kuma ba a nan aka sassaƙa katakon ba, a jirgi aka kawo shi aka ɗaure da ƙusa. Baba ya saki hannuna, ya lalubi bangon, ya bi shi da tafin hannu har ya sami inda katako ya haɗu da katako.

"Gida dai ga shi," ya ce.

Baffa ya ce, "Gida na yarda. Dama ni ban taɓa musun gida ba."

Igwa tana nan a harabar, baƙa, ta yi tsatsa, bakinta yana kallon ruwa. Baba ya zura hannu a ciki har gwiwar hannu. Baffa ya ce igwa ma ya yarda. A cikin gidan aka nuna mana manyan tukwanen da ake dafa manja, da ƙarafan da aka yi ciniki da su kafin zuwan kuɗi, da hotunan sarakunan garin da hulunansu masu tsawo. Sai aka kai mu wajen mari da sarƙoƙi. Alhaji ya ce ta wannan kogin aka riƙa fitar da bayi zuwa ƙasashen da ba a dawowa, kuma a cikinsu har da mutanen da aka kamo daga can wajenmu. Akwai wani ƙaramin mari da ba zai shiga ƙafar babba ba. Baffa ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallonsa. Ni kuwa na tuna ɗana da na baro yana koyon tafiya. Daga baranda ana hango kogin a ƙasa, faffaɗa, ruwan ƙasa-ƙasa, da jiragen ruwa da kwalekwale birjik. Baba ya ce shi fari kawai yake gani, a sauka da shi kusa.

Muka gangara ta tsohuwar unguwar bakin ruwa, muka wuce rumbunan 'yan kasuwar Turawa na da, da wata tsohuwar maƙabarta mai duwatsu a tsaye, da mata masu ƙyafa kifi. A bakin kogin ruwa ya janye ya bar taɓo baƙi mai faɗi, kwalekwale suna kwance a kai. Baffa ya tsinki ganye ya jefa. Ganyen ya bi ruwa ya yi ƙasa, wajen teku, kamar yadda kowane ganye yake yi a kowane kogi.

"To, ɗan Kawu," ya ce, "ga kogi yana tafiya da ƙafafunsa biyu. A ina yake yin ribas ɗin?"

 Baba ya yi abin da yake yi a kanal idan yana son ya san ko ana ƙara ruwa: ya sa na samo kara, muka tuɓe takalma a kan taɓon, muka taka har bakin ruwa, ya kafa karan daidai inda ruwa ya tsaya. Muka koma can sama muka zauna a inuwar wata rumfa, ƙafafu duk laka, muna jira su bushe. Takalman muka bar su a inda suke. A wajenmu idan ka ajiye takalmi a bakin kanal, nan za ka same shi, sai fa idan mai makulli ya ƙara ruwa, shi kuma ba ya ƙarawa sai an sanar. Masu kifi suna ta nuna mu suna dariya, muka ɗauka rigunanmu ne.

Mun daɗe. Alhaji ya sayo mana gasasshiyar ayaba, Baffa yana ci yana tsokana. Ni ne na fara lura kwalekwalen da ke kwance sun soma motsi. Na duba karan, ruwa ya ci rabinsa. Kafin in yi magana sai ga takalmin Baffa na roba, ƙafa ɗaya, ya tashi a kan ruwa, ya yi 'yar juyawa, ya kama hanya. Ba wajen teku ya nufa ba. Sama ya yi, wajen da kogin ya fito, namu suna biye da shi.

Na ce, "Baffa, ga takalminka can ya riga ka tafiya Kano."

Baba ya damƙe hannuna. "Ina ya nufa? Gaya mini daidai."

"Sama, Baba. Baya yake komawa."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ban san Baffa ba. Ya tsaya ya ƙura wa ruwan ido, ya shafa gemu, sannan ya ce, "Wannan ai ba abin mamaki ba ne. An rufe ƙofa ne a ƙasa. Mu ma idan muka datse kanal, ruwa yakan taru ya dawo baya. Akwai dam a gaba, akwai mai makulli. Kawu ya ga aikin mutum ya ce kogi ne yake yi da kansa." Ya juya ga Alhaji da gaskensa, ya ce a tambayi masu kifin nan wa ke riƙe da makullin, kuma ranar wa da wa ake ba ruwa. Alhaji ya fassara musu. Wata mata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baffa, ka ji tsoron Allah. Da idonka fa ka gani." Na fara faɗa masa maganganun da bai kamata ɗa ya faɗa wa sa'an ubansa ba, sai Baba ya daka mini tsawa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Rufe mini baki. Gaskiyarsa ne. Idan muka koma da wannan, abin da za a faɗa a gari ke nan, kuma ni ma da ni ne shi haka zan ce." Ya juya wajen Alhaji. "Ina ne ƙarshen kogin nan?"

Alhaji ya ce da nisa, sai an shiga kwalekwale mai inji, kuma wurin ba na wasa ba ne.

"A nemo mana shi. Gobe za mu je mu gaishe da mai makullin."

Muka koma masauki ba takalmi, muka tarar direba ya gama lodin manja, ya ce da sassafe zai ɗaga. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na sake roƙonsa, ya ce shi ba yawon buɗe ido ya zo ba. Baba ya ce a ƙyale shi ya tafi, mota ba ta ƙare a duniya ba. Na ce, "Baba, ba ka taɓa shiga jirgi ba, ba ka iya ruwa ba, ba ka gani. Idan wani abu ya faru me zan gaya wa Inna?" Ya ce, "Ka gaya mata na kai." Baffa ma sai da ya sassauto, ya ce shi fa wasa yake yi, a bar maganar, ya yarda. Baba ya ce, "Ba na son yardar tausayi. Wadda za ka iya rantsuwa a kanta nake so."

Da safe mota ta tafi ta bar mu. Muka shiga kwalekwalen, mu uku da Alhaji da mai tuƙi, wani ƙaƙƙarfan mutum da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ruwa yana fita, muka bi shi. Gari ya ɓace a bayanmu. Gefe da gefe wasu itatuwa ne masu saiwa a waje, kamar sun tattare riga za su tsallake rafi. Baffa ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, babu addu'ar da bai karanta ba, amma idonsa yana kan gaɓa, yana neman siminti. Duk lanƙwasar da muka sha sai ya miƙa wuya. Ni tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Baba yana zaune a tsakiya, sandarsa a kan cinya, kamar wanda za a kai ɗaurin aure.

Kogin ya yi ta buɗewa. Gaɓar dama ta ja baya, ta hagu ta ja baya, har suka koma zare-zare. A gabanmu kuwa babu komai, ruwa ne har inda ya haɗu da sama. Jirgin ya fara tashi yana sauka. Mai tuƙi ya kashe inji, ya ɗaure mu a jikin wani turke da masunta suka kafa, ya yi wa Alhaji magana. Alhaji ya ce wai daga nan ba ya wucewa, kuma mu jira, ruwa ya kusa juyawa.

Baba ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Na riƙe shi ta ƙugu, ya sunkuya ya zura hannu a ruwan. Ya ɗebo ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce gishiri. Ya tambaye ni ina gari yake, na juya fuskarsa wajen. Ya mai da hannun, ya buɗe tafinsa.

"Yana fita," ya ce. Can an jima ya ce, "Ya rage ƙarfi." Muka yi ta zama, rana tana dukanmu. Sannan ya ce, "Ya tsaya." Na ga yatsunsa a cikin ruwan ba sa motsi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai igiyar da aka ɗaure mu da ita ta saki, jirgin ya juya a hankali ya koma ɗaya gefen turken, igiyar ta sake miƙewa. Baba ya juya tafin hannunsa.

"Ɗan Gwaggo," ya ce, bai ɗago ba, "ni ba na gani. Duba mini da kyau. Ka ga ƙofa?"

Baffa ya duba gabas, ya duba yamma, ya daɗe yana kallon gaba. Muryarsa ta sauya.

"Babu ƙofa. Babu dam, babu mai makulli. Babu wanda zai iya datse wannan sai wanda ya yi shi. Kawu ya yi gaskiya, mu ne muka zalunce shi. Zan faɗa a ƙofar masallaci, in Allah ya mai da mu."

Ni na riga na tanadi maganganu tun daga gida, na shekara da shekaru, waɗanda zan zuba wa Baffa a wannan lokacin. Na buɗe baki sai na ji shessheƙar Baba. Kuka yake yi. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne yayana.

Baffa ya ce, "Ka yafe mini, ɗan Kawu."

"Ba kai ba ne," Baba ya ce. "Kai a fili ka yi naka. Ranar da mahaifina zai rasu ya kira ni, ya kama hannuna, ya ce, 'Kai dai ka yarda da ni ko?' Na ce na yarda. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya saki hannun ya juya fuskarsa bango. Ya san ban yarda ba. Ban taɓa yarda ba, har jiya da takalmin nan ya tafi ina cewa a raina wataƙila akwai ƙofa."

 Ya fito da hannunsa daga ruwan, ya ce mu yi wa mahaifinsa addu'a. Muka ɗaga hannu, Baba yana ja, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa yana jiƙa masa riga. Mai tuƙin ya cire hularsa ya jira har muka shafa.

Da ya kwance igiyar ya kai hannu zai tayar da inji, Baba ya ce a gaya masa ya dakata tukuna. Ya mai da hannunsa cikin kogin. Muka zauna, ruwan yana ɗauke da mu zuwa gari.